Hunturu da maganar Kamalu

Hunturu ya kankama. Ma'aunin danshi na akwatin Dunƙule, mesar da nake kiwo, kashi 34 cikin ɗari yake nunawa da safe, alhali 55 zuwa 60 ake so. Ga idonta ya fara hazo-hazo, saɓa ta kusa ke nan, lokacin da ya kamata danshin ya kai 70.

Ina cikin rufe murfin raga Kamalu ya shigo. "Yaya, wai duk wannan ɗawainiya ta mece ce? Ai mesar yankinmu ce. Daga Gana da Togo da Benin ake kwasarsu ana kai wa Turawa. Su ke buƙatar na'ura, mu ina ruwanmu?"

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai har la'asar. Gaskiya ne 'yar Afirka ta Yamma ce. Sai dai a daji ba a fili take yini ba, cikin ramin ɓera ko tsohon suri take, inda iskar hunturu ba ta shiga, ƙasa kuma tana riƙe laima. Ɗakin siminti a Kano cikin Janairu bai ko kama hanyar wannan ba.

Shi ya sa fesa ruwa kaɗai ba ya magani. Ka fesa, ma'auni ya hau, bayan awa ɗaya ya sauko, abin da ya rage kawai jiƙaƙƙen saman shimfiɗa, shi ne kuma ke ruɓar da ɓawon cikinta. Abin yi: a rufe kashi uku cikin huɗu na ragar, a zuba ɓawon kwakwa mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a tsiyaya ruwa ta kusurwoyi don ƙasa ta jiƙe sama ya zauna a bushe. Dusar katako ta wurin kafinta kuwa a'a, ba ka san icen da aka yanka ba.

Na nuna masa maɓoyan biyu, ɗaya a gefen ɗumi mai digiri 31 zuwa 32, ɗaya a gefen sanyi mai 25 zuwa 26. Kaskon ƙasa ne kife, an fasa ƙofa guda an goge bakin. Ya ce sun yi mata kaɗan. Haka ake so, jikinta ya taɓa bango ta ko'ina. In maɓoya ɗaya ce tak, za ta zaɓi ɓuya ta haƙura da zafin da ya dace, daga nan sai ƙin cin abinci. Ta ukun roba ce mai murfi da damshin tsumma a ciki, don saɓar ta fita gaba ɗaya, kada ta maƙale a ido ko bakin wutsiya.

Tabarmar ɗumi kuma ba a jona ta kai tsaye, sai ta na'urar daidaita zafi. Maciji yakan kwanta kan abin da ke ƙona shi bai motsa ba.

Kamalu dai ya tafi bai gamsu ba.

Tuwo da miyar kuka. Ɓeran Dunƙule sai bayan saɓa. An ɗauke wuta tun magariba, asubahin kwanakin nan kuma ba wasa. Na naɗe gorar ruwan ɗumi cikin tawul na jingina ta jikin akwatin daga waje, amma ba za ta kai ƙarfe uku ba, sai an tashi an sake.