Yadda Golf ɗina ta riƙa shaƙewa a hanyar Daura

Kusan duk Juma'a in an sauko masallaci nakan kama hanyar Daura in gaida tsohuwa, kuma da Golf 3 ɗin nan tawa nake zuwa, ƙirar 1996, mai injin 1.8 da injekta ƙwaya ɗaya wadda kanikawa ke ce ma singil. Mota ce mai haƙuri wallahi. To cikin hunturun da ya wuce sai ta ɓullo da wani hali, in tana tsaye a silo lafiya lau, cikin garin Katsina ma daga Ƙofar Ƙaura zuwa kasuwa ba ka jin komai, amma da na hau babban titi na sa giya huɗu na taka totur sai ta shaƙe, kamar an riƙe ta ta baya, ta fizga sau biyu sannan ta ɗauka. Rannan gab da Mashi na fito zan wuce tirela ta yi mani haka, ga wata mota ta taho gabana, ga iyali a ciki. Allah ne kawai ya kiyaye.

Garejin da na fara zuwa ko zagaye ba a yi da motar ba, aka ce fulogi ne, aka canza huɗu. Washegari matsala na nan. Da na koma sai aka ce ai singil ɗin ce ta gaji, in kawo kuɗi a cire ta a ɗaura kabireta. Abin ya ɓata mani rai sosai, don mutum bai gano ciwo ba ya za a yi ya ce a yanke ƙafa?

Wani maƙwabcina direban tasha ne ya kai ni wurin wani dattijo. Shi bai ma taɓa sifana ba sai da ya gama yi mani tambayoyi: da safe take yi ko in ta yi zafi? Tana harbi ta salansa? Baƙin hayaƙi fa? Na ce Baba babu hayaƙi, kuma ta fi yi in an yi tafiya mai nisa. Ya ce "to Malam, motar da ke silo lafiya amma ta kasa in an nemi ƙarfi, ko wuta ce ba ta isa ko mai, sai kuma iska in ta sami ɓarauniyar hanya."

Wuta ya fara bi. Ya buɗe murfin distiributa, mai rarraba wuta zuwa fulogi, ya duba ko ya tsage, ya bi wayoyin fulogi ya tabbatar jerin 1-3-4-2 yake, ya ce in tada ta da dare cikin duhu, in waya ta fashe zan ga tartsatsi na tsalle. Ban ga komai ba. Iya kilina kuwa, wato matatar iska, ƙurar hunturu ta cika shi taf, muka canza, ta ɗan sake amma ba ta daina ba. Ya kama kan injekta ya girgiza mota na kunne, don akwai wata roba a ƙarƙashinta da ke yawan tsagewa a irin waɗannan motoci ta riƙa zuƙar iska, da ta tsage da silo ya canza murya. Shiru.

Sai mai. Ya sa agogon awo a tiyon mai, irin wannan injekta ƙarfin mai wajen bar 1 kawai take so, a silo allura na nan daidai, yana ba ta wuta sai ta zube ƙasa. Nan ya shiga ƙarƙashin mota wajen tayar baya ya kwanto filtar mai, wadda ni tunda na sayi motar ban taɓa sanin tana wurin ba. Da ya juye ta a kwano abin da ya fito jan ruwa ne da tsatsa da yashi, ya hura ta da baki iska da ƙyar take wucewa.

Ya tambaye ni ina nake shan mai. Gaskiya tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ban cika cika tanki ba, lita biyar, lita bakwai, in dare ya yi mani a hanya in sayi galan wurin 'yan bumburutu. Ya ce famfon man Golf cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, in kullum allura na kan ja famfo na zafi yana gajiya, ga dattin galan yana taruwa a ragar bakinsa. Shi ya sa ta fi shaƙewa in an yi nisa.

Muka ɗaga kafet ɗin but muka ciro famfon, aka wanke raga da tanki, aka sa sabuwar filta, ya nuna mani kibiyar da ke jikinta wadda dole ta kalli wajen injin. Duka kuɗin bai kai rabin na kabiretar da aka ce in saya ba.

Juma'a uku kenan ina zuwa Daura ina dawowa ba ta shaƙe ko sau ɗaya ba. Famfon dai yana ɗan kuka in na murɗa makulli da safe, Baba ya ce zai kai ni damina in dai ban bari mai ya sauka ƙasa da kwata ba, don haka na fara ajiye kuɗin sabo kaɗan kaɗan.