Abin da dab tekno ya koya mani game da eko

A situdiyon da nike aiki nan Katsina, wajajen Ƙofar Ƙaura, eko shi ne abu na ƙarshe da ake sawa. An gama haɗa bit, mawaƙi ya shiga ya yi nashi, mai amshi ta yi nata, an gyara murya, sannan Oga ya ce "ɗan sa mashi eko ya rufa mashi asiri." Haka muka taso muka iske, waƙar biki ce ko ta siyasa ko tallan mai maganin basir. To wannan kiɗan da nike koyo da daddare in an tashi aiki, wanda ake ce ma dab tekno, gaba ɗaya ya kifar da wannan tsarin, don a wurinshi ekon ne kiɗan, in ka cire shi abin da zai rage maka bai wuce dukan kik ɗaya da kod ɗaya ba (kik shi ne dukan babbar ganga, kod kuwa sautuka ne da ake bugawa tare), sai ɗan bes can ƙasa, kuma a haka za a yi minti takwas ko goma ba tare da ka gaji ba in mai haɗawar ya san hannunshi.

Asalin abin daga Jamaika ne. A shekarun 1970 akwai King Tubby a unguwar Waterhouse cikin Kingston, mutumin nan asali mai gyaran rediyo da amfilifaya ne, irin masu shagon nan da kake kai ma kayan wuta in sun ƙone. Ana kawo mashi waƙar rege da aka riga aka gama sai ya zauna kan mikisa ya cire murya, ya bar ganga da bes, ya riƙa jefo guntun murya ko jita cikin eko yana janyewa. Lee Perry ma haka a situdiyonshi Black Ark. Daga baya a Balin ta Jamus wasu mutum biyu, Moritz von Oswald da Mark Ernestus, suka ɗauki wannan dabarar suka aza ta kan tekno irin na birnin Detroit a Amurka, suka fara fitar da faifai da sunan Basic Channel a 1993. Shi Ernestus yana da shagon faifai Hard Wax tun 1989. Abin da ya ƙara ja na shi ne mutanen nan sun juyo wajen kiɗan Afirka daga baya, Ernestus ya yi aiki da makaɗan gangar sabar na Senigal, shi kuma von Oswald har da marigayi Tony Allen, mai gangar Fela, ya buga a ƙungiyarshi.

Kod ɗin kanshi ba wani abu ba ne, wallahi yaron da ya yi sati a kan fiyano zai buga shi. Irin wanda ake ce ma maina ne, misali C da E flat da G, in kana so ya ƙara duhu ka ɗora B flat. Da 3xOsc, wani ɗan abin fitar da sauti da ke zuwa cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, nike yi, wanda kowa ke rainawa. Yana da bakin sauti uku, sai in sa duka a kan sauti mai haƙoran zarto, in bar na farko yadda yake, na biyu in ɗaga shi taki uku na maɓallan fiyano, na ukun taki bakwai, shi ke nan maɓalli ɗaya ka taɓa kod ya fito, kuma duk inda ka matsa da shi siffarshi ba ta canzawa, wannan rashin canzawar tana cikin abin da ke ba kiɗan kamanninshi. Sai ka gajarce shi ƙwarai ya zama "tak" kawai, ka rufe samanshi da filta har ƙarar zarton ta kwanta. In ka saurare shi tsirara a wannan matakin zai ba ka dariya, kamar wani ya ƙwanƙwasa kwali.

Inda aikin yake shi ne dile, wato ekon da ke maimaita sauti ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗan lissafi kuma ya kamata mutum ya iya shi da ka. Ka raba 60,000 da gudun kiɗanka, wato yawan bugu a minti ɗaya, in kana kan 125 za ka samu 480, tsawon bugu ɗaya ke nan a ma'aunin kashi dubu na daƙiƙa. Kowane bugu yana da taki huɗu, kowane taki 120. Sai ka sa dile ɗinka a taki uku, 360. Dalili kuwa, kik yana sauka duk bayan taki huɗu, ekon yana sauka duk bayan taki uku, ba za su haɗu ba sai bayan taki goma sha biyu, saboda haka ekon yana faɗawa cikin ramukan da ke tsakanin kik da kik, ya riƙa zagaye su, kiɗan ya riƙa tafiya kamar yana mirginawa alhali kod ɗaya ka buga. In ka sa shi taki huɗu ko biyu sai ya hau kan kik ya zauna daram, babu motsi. Ranar da na fahimci wannan uku-kan-huɗun sai na ga ai ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, ka tsaya wurin masu kalangu a gidan biki ka ji yadda ƙaramin ke ratsa babban.

Amma lissafin kowa zai iya kwafa daga YouTube. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane abin da ke faruwa da maimaicin kanshi. Dile na kwamfuta in ka bar shi yadda ya zo, maimaici na goma daidai yake da na farko, ƙara kawai ke raguwa, shi ya sa yake fita ƙarau ƙarau ba rai. Na'urar da mutanen can baya suka yi amfani da ita, kamar Roland Space Echo da ta fito a 1974, zaren kaset ne ke zagayawa a cikinta, kai ɗaya yana ɗauka, kawuna uku suna karantawa, abin da aka karanta a sake mayar da shi a ɗauka. Duk zagaye sautin yana rasa wani abu, samanshi na dusashewa, yana ɗan murƙushewa, motar da ke jan zaren ma ba ta tafiya daidai ɗari bisa ɗari sai sautin ya riƙa ɗan rawa. Wannan lalacewar ita ake nema. Don haka a Fruity Delay 3 nike kunna filtar da ke kan hanyar da ekon ke zagayawa, in yanke sama in yanke ƙasa, in ƙara ɗan murƙushewa da ɗan rawa kaɗan, kaɗan fa, in ya yi yawa sai ya koma kamar kaset ɗin da ya sha rana a gaban mota. Yanke ƙasan nan kada a yi wasa da shi, in ka bar nauyin kod yana ta zagayawa yana taruwa, kafin ka ankara ya cinye wurin bes komai ya dagule. Ni daga wajen 250 Hz (ma'aunin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) zuwa ƙasa nike sharewa a layin eko.

Sannan kada ka ɗora dile a kan kod kai tsaye. Ka ba shi layinshi daban a mikisa ka riƙa aika mashi sauti, bayanshi ka sa ribab, wato ekon ɗaki, don maimaicin ya narke. Amfanin haka shi ne hannunka ya samu abin riƙewa. Na sayi wata 'yar na'ura ta hannu mai maɓallan murɗawa guda takwas, na ɗaura ɗaya kan yawan abin da nike aikawa, ɗaya kan yawan komawar eko, ɗaya kan bakin filta, ɗaya kan ribab. Sai in kunna madauki in danna ɗauka in yi ta murɗawa kamar minti goma sha biyar, daga baya in zaɓi inda ya yi daɗi. Zana layi da mawus yana aiki amma kunne na ganewa, layin mawus ya cika miƙewa, hannu kuwa yana jinkiri yana gaggawa yana wuce wuri ya dawo. Akwai wani wuri a maɓallin komawa, dab da inda ekon zai fara cin kanshi ya yi ta hauhawa, nan daɗin yake, ka kai shi bakin ka riƙe ka sake shi kafin ya ƙwace. Dan Allah duk mai gwada wannan ya sa limita, mai hana ƙara wuce iyaka, a ƙarshen layin, musamman in da hedifon yake aiki, don in ya ƙwace cikin daƙiƙa biyu zai huda maka kunne, kuma kunne ba a sayar da shi a kasuwa.

Wani abin da ya saɓa ma tarbiyyar situdiyo shi ne shuuu. Mu kullum yaƙi muke da ita, a kashe fanka, a rufe ƙofa, a jira mai babur ya wuce. A dab tekno kuwa da gangan ake shimfiɗa ta ƙarƙashin kiɗa don ta cike shirun da ke tsakanin sautuka. Lokacin hunturu na ɗora waya kan katanga da asuba na ɗauki iska, har da carar zakaran maƙwabta can nesa, na yanke ƙasanta, na sa kik ya riƙa danne ta duk lokacin da ya sauka, sai ta koma tana numfashi tare da kiɗan. Amma akwai ƙarar da ba ta da amfani ko kaɗan, gurnanin wutar nan na 50 da ke shiga waya in an tada janareta ko caja ba ta da kyau, don daidai wurin da bes ke zaune yake zama. In zan ɗauki wani abu da makirfo cire cajar laftof nike in yi da batir.

Bes kuwa matsalarshi biyu ce a wurinmu. Ta farko ɗaki. Sautin 50 tsawon igiyarshi ya kusa mita bakwai, shagonmu kuma bai fi mita uku da rabi ba, rabin igiyar ke nan cif, saboda haka in ka jingina da bango sai ka ji bes kamar zai fasa ƙirji, ka dawo tsakiyar ɗaki ka neme shi ka rasa. Kiret ɗin ƙwan da ake mannawa a bango ba abin da yake ma wannan, ko soson katifa siriri saman sauti kawai yake sha. Oga bai yarda ba sai da na kunna sautin shi kaɗai na ce "Oga taka daga ƙofa zuwa bango a hankali." Ya taka, ya dawo, ya sake takawa, ya ce "ikon Allah", amma har yau kiret ɗin na nan. Ta biyu, wa zai ji? Kusan duk wanda zan tura ma a WhatsApp da lasifikar waya zai saurara, ita kuwa ba ta san da zaman 50 ba. Dabarar ita ce ka ɗan murƙushe bes ɗin ya haifi 'ya'ya a 100 da 150 da sama, wayar ta fitar da na saman, kunne da kanshi ya cike uwar. Kuma bes ya zauna tsakiya, kada a watsa shi hagu da dama, kada eko ya taɓa shi.

Abokaina in na kunna masu, tambayar farko ita ce "yaushe za a fara waƙar?" Wani ya ce mani wannan ai kiɗan jiran layi ne a asibiti. Ban ji haushi ba, kunnenmu ya saba da murya a gaba, kiɗa a baya yana rakiya. Amma ina ganin mu ne ya kamata mu fi kowa gane kiɗan da ke tsaye wuri ɗaya yana juyawa. Marigayi Shata, ɗan Musawa, zai yi dogon lokaci a kan amshi ɗaya da zubin kalangu ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa ya gaji, don abin da ke kai da kawowa a saman yana canzawa kullum. Nan ma haka ne, sai dai abin da ke canzawar ba baiti ba ne, launin sauti ne, bakin filta ya ɗan buɗe cikin minti guda, ekon ya yi tsawo ya gajarce. Wahalar koyon ita ce haƙurin barin abu ya daɗe. Hannun wanda ya saba da nanaye ƙaiƙayi yake duk bayan layi takwas, yana so ya jefa sarewa ko ya canza kod, kuma da ka jefa ka kashe shi.

Kasuwa dai babu, gaskiya, ba wanda zai ba ka ko sisi a Katsina don ka yi mashi dab tekno. Sai dai ya gyara mani hannu a aikin da ke kawo abinci. Yanzu in ina haɗa waƙar amarya ba na barin eko a buɗe tun daga farko har ƙarshe, kalmar ƙarshen baiti kawai nike jefawa ciki in janye, muryar ta fito fes kuma wurin ya cika. Oga ya lura, ya ce in riƙa yi ma duk masu zuwa haka.

Abin da nike fama da shi yanzu kalangu ne. Na kira wani makaɗi ya buga mani, na ce in sa shi a madadin kod. Matsalar ita ce kalangu ba ya tsayawa kan murya ɗaya, mai shi yana matse tsarkiya da hammata sautin ya hau ya sauka, to in ekon bugun da ya hau ya iske sabon bugun da ya sauka sai su yi karo, ya zama hayaniya. Da na rage komawar zuwa maimaici biyu ko uku abin ya lafa amma zurfin ya tafi. Yanzu bugu ɗaya nike zaɓa cikin kowane zagaye, wanda ya saki tsarkiya ya buga a sake, shi kaɗai nike aikawa cikin dile, sauran su wuce a bushe. Makaɗin da ya ji ya ce "yaro ka sa gangata magana da aljanu", ya kuma ce in ƙara mashi kuɗin mota in ina so ya dawo ranar Asabar da ɗan kanzagi.