Kwana ashirin da shida ina daidaita kwamfutar gidanmu: ga inda na kwana

'Yan uwana masu koyo, assalamu alaikum. Yau kwana ashirin da shida ke nan ina zama gaban kwamfutar gidanmu kowane dare, rabin awa ko fiye kaɗan, ina bin saitunanta ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar tebur ce da yayana ya bar mana, Windows 11 ce a kanta, kuma mu huɗu ke amfani da ita: ni, Baba, da ƙannena biyu. Tun daren farko na ajiye ɗan littafi kusa da allon rubutu. Duk abin da na taɓa sai na rubuta yadda na same shi da yadda na mayar da shi, kuma ba na canza abu biyu a lokaci guda. Sau uku littafin nan yana fitar da ni daga ruɗani, shi ya sa na fara da ambatonsa.

Ƙofar shiga ɗaya ce: a danne maɓallin Windows a buga harafin I, shafin saituna zai buɗe. Akwai akwatin bincike a cikinsa, kuma shi ne ya fi sauri idan ka san sunan abin da kake nema.

Niyyata ta farko ado ce. Ina son hoton bango mai kyau da launuka masu ɗaukar ido. Baba ne ya sauya mini tsari ba tare da ya sani ba. A dare na biyu ya zauna zai karanta wata takarda, na ga ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa tebur, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa, fuskarsa kamar taƙi ɗaya daga gilashin. Ya ce, "Wannan rubutu ai tururuwa ce." Na ce, "Baba, ku ba ni zuwa gobe, zan ƙara masa girma." Daga nan na ajiye maganar ado, na koma kan abin da ke wahalar da ido da hannu.

A nan na yi kuskurena na farko, kuma ina so ku kula da shi domin yana da saurin faɗawa. Na shiga sashen da aka rubuta wa Display, na ga lamba 1920 × 1080, na rage ta zuwa 1280 × 720. Nan take komai ya yi girma, na ji daɗi. Amma da na duba da kyau sai na ga haruffan sun yi dishi-dishi, gefensu ya narke kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Dalilin shi ne gilashin yana da adadin ɗigogin haske da aka ƙera shi da su, 1920 a kwance, 1080 a tsaye, sama da miliyan biyu ke nan gaba ɗaya. Idan ka ba shi hoto mai ƙarancin ɗigogi, dole ya miƙe shi ya cika fili, miƙewar kuwa ita ke kawo dusashewa. Abin da ya kamata in taɓa yana nan sama kaɗan a shafi ɗaya, wato ma'aunin girma mai suna Scale. Shi yana barin ɗigogin yadda suke, sai ya zana rubutu da alamomi da girma. Na mayar da lambar farko, na ɗaga ma'aunin daga kashi 100 zuwa 125, rubutu ya fito ɓaro-ɓaro kuma tas. Wani abu da ya kwantar mini da hankali: idan ka canza adadin ɗigogin, kwamfutar tana tambayarka ko ka amince, in ba ka amsa ba cikin daƙiƙa 15 sai ta koma yadda take. Ko da fuskar ta yi baƙi, ka ɗaga hannunka ka jira kawai.

Kashi 125 ya ishe ni, amma bai ishi Baba ba. A sashen Accessibility, wanda aka tanada domin masu matsalar gani ko ji ko motsin hannu, akwai wani ma'auni da ke ƙara girman rubutu kaɗai ba tare da ya kumbura sauran abubuwa ba, yana kaiwa har kashi 225. Na tsayar masa a 140. A wurin ne kuma na ƙara girman kibiyar linzami, na mayar da ita ruwan ɗorawa, domin farar nan ƙarama tana ɓace masa a kan farin shafi, ya yi ta kaɗa hannu yana nemanta. Washegari ya zauna ya jingina bayansa da kujera ya karanta takardarsa har ƙarshe. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma na rubuta ranar a littafi.

Hasken dare kuwa, wanda ake kira Night light, yana rage shuɗin haske ya mayar da fuskar ta ɗan yi ja-ja. Na sa shi ya riƙa kunna kansa daga ƙarfe takwas na dare. Minti biyar na farko za ka ga kamar gilashin ya yi datti, daga baya in ka kashe shi ne za ka ji farin yana sukar ido. Masu kwamfutar tebur ku lura, ƙarfin hasken yawanci ba a cikin saituna ake rage shi ba, maɓallansa suna jikin gilashin kansa, a ƙasa ko a baya. Na ɓata kusan dare guda ina nemansa a inda ba ya nan.

Mako na biyu agogo ne ya cinye shi. Wata safiya ƙanwata ta ce intanet ta lalace, duk shafin da ta buɗe sai ya fito da gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. Intanet lafiyarta ƙalau. Kwanan watan da ke kusurwar ƙasa ne ya koma shekaru baya. Kowane shafi mai tsaro yana ɗauke da takardar shaida da ke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, manhajar bincike kuma da agogon kwamfutarka take auna su. In agogon ya yi ƙarya, sai ta ga takardar kamar ba ta fara aiki ba, ta ƙi buɗe shafin. Na kunna saita lokaci da kansa, na tabbatar yankin lokaci daidai yake, na danna maɓallin daidaitawa, komai ya dawo. Bayan kwana biyu aka cire wayar wuta daga bango, matsalar ta sake dawowa. Yayana ne ya gane bakin zaren ta waya: a cikin akwatin kwamfutar akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, aikinsa riƙe agogo lokacin da babu wuta. Namu ya mutu. Da ya zo ya cire wayar wuta, ya buɗe murfin gefe, ya danna ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi, batirin ya yi tsalle ya fito. Minti biyar aikin ya ɗauka. Ba kowace matsala ce ke cikin saituna ba, wannan tana jikin ƙarfen ne.

Yanzu ga abin da ya fi faranta mini rai a duk watan nan. Shekara da shekaru ina rubuta Hausa a kwamfuta ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, ina rubuta kafa alhali ƙafa nake nufi, ina barin mai karatu ya yi ta lalube tsakanin bata da ɓata. In abin ya dame ni sai in je wani shafi in kwafo ƙ ɗin in liƙa. Ashe Windows tana da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta. A sashen lokaci da harshe ake ƙara harshe, ka rubuta Hausa a akwatin nema, ka zaɓa, ta sauko da shi. Bayan haka maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana juya ka daga wannan harshe zuwa wancan, sunan wanda kake kai kuma yana bayyana kusa da agogo. Idan kana kan Hausa, ka danne Alt na hannun dama ka buga k, sai ga ƙ. Haka d ke ba da ɗ, b ke ba da ɓ, y ke ba da ƴ. In ka haɗa da Shift sai manyansu su fito. Alt na dama fa, na hagu ba ya wannan aikin, kuma shi ne ya sa na yi minti goma ina zaton abin bai sauko ba.

Daren da na same shi na rubuta shafi guda cur don kawai in ga ƙugiyoyin suna fitowa. Yatsa yana ɗaukar kamar mako kafin ya saba. Babban yatsan dama ne ke sauka kan Alt, kuma ɓ ta fi ba ni wuya saboda b tana tsakiyar layin ƙasa. Sai dai ku sani ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da waɗannan huɗun ba. Wani salon zai nuna ɗan akwati fanko a gurbinsu, wani kuma zai aro harafin daga wani salon, ka ga ƙ ta fi 'yan uwanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma. Kafin in zaɓi salo yanzu sai na gwada shi da kalmomin ɓarawo, ƙaƙƙarfa da ɗaɗɗaya in ga yadda suka zauna.

Da gyare-gyaren suka yi yawa sai muka fara takun saƙa a gida. Manyan haruffan Baba suna cika wa ƙanena fuska, shi kuma yana canza hoton bango kullum. Maganin shi ne kowa ya samu asusunsa. Girman rubutu, kibiyar linzami, hoton bango da launuka duk suna bin mai asusu ne, don haka kowa ya shiga zai tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Asusu iri biyu ne: na mai iko, wanda ke iya sa manhaja da cire ta da taɓa tsarin kwamfutar baki ɗaya, da na talaka, wanda ke aikinsa amma in ya zo sa wani abu sai an nemi izinin mai iko. Na bar mai iko ɗaya tak, ƙannena na ba su na biyun. Ba don rashin yarda ba ne. Yaro yana danna "eh" kafin ya karanta tambaya, kuma mugun fayil da wannan "eh" ɗin yake shiga. Kowa ya zaɓi lambar sirrinsa, na kuma koya musu Windows da L, wanda ke kulle fuska nan take in za ka tashi.

Maganar mugun fayil ta tuna mini da wani ɗan saiti da nake ganin kowa ya kamata ya kunna yau. Kowane fayil yana da wutsiya a ƙarshen sunansa da ke nuna irinsa: .jpg hoto ne, .pdf takarda ce, .exe kuwa manhaja ce da za ta yi aiki da zarar ka danna ta. Kwamfutar tana zuwa da waɗannan wutsiyoyi a ɓoye. Ma'ana, fayil mai suna hoto.jpg.exe zai fito maka a matsayin hoto.jpg, ka buɗe shi da zuciya ɗaya. A manhajar duba fayiloli, ƙarƙashin View, akwai inda ake cewa a nuna su. Danna ɗaya ne.

Tashin kwamfutar ma na duba. Ctrl da Shift da Esc tare suna buɗe wurin da ake ganin duk abin da ke gudana, a ciki akwai jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna ta. Na tarar da goma sha ɗaya, na kashe shida da na san ba ma buƙatarsu da sassafe. Kashewa a nan ba gogewa ba ce, manhajar tana nan, sai dai za ta jira a kira ta. Wadda ban gane sunanta ba na bar ta, haka ma ta tsaro da ta sauti. Kafin in taɓa wannan jerin na ajiye abin da ake kira Restore point, wato alamar da kwamfutar za ta iya komawa gare ta in wani gyara ya ɓata tsari. Ku riƙe cewa tsarin kawai take mayarwa, ba ta dawo da hotuna ko takardun da aka goge.

Sabuntawa ban kashe ta ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya kashe, domin da ita ake toshe ramukan tsaro. Na dai gaya mata sa'o'in da muke aiki don kada ta sake kunna kanta a tsakiyar rubutu, ana iya ba ta har awa 18. Masu Windows 10 a cikinku, tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, ya kamata ku duba ko na'urarku za ta ɗauki 11, wadda ke neman aƙalla gigabayit 4 na ƙwaƙwalwar aiki, gigabayit 64 na ma'aji, da guntun tsaro na TPM 2.0.

Adon da na fara marmari sai a dare na ashirin da uku na kai gare shi, kuma kwata ɗin awa ya ishe shi. Na sa hoton sararin sama, na zaɓi launin duhu ga asusuna, na mayar da alamomin layin ƙasa zuwa hagu inda hannuna ya saba nemansu. Baba ya gwada duhun ya ce farin rubutu a kan baƙi yana masa rawa a ido, na mayar masa da fari. Manhajojin ado da ake saukowa da su daga shafukan da ban sani ba, ko ɗaya ban sa ba.

Abin da ke gabana a mako mai zuwa shi ne ajiyar kwafi. Hotunan gidanmu na shekaru suna cikin wannan akwati ɗaya, babu kwafinsu a ko'ina, kuma tun ranar da na ga ɗan batir ya rikita mana safiya hankalina bai kwanta da hakan ba. Na samu ma'aji na waje, zan gwada File History, wato tsarin Windows na ajiye kwafin fayiloli, in ga ko zai riƙa kwashe su da kansa. Wanda ya riga ni yin wannan a cikinku, ina son jin ko folda ɗaya ya zaɓa ko duka ya haɗa, da kuma kowane awa nawa ya sa ta riƙa kwafa.