Zoben Kabir

Asabar. Wuta ta zauna tun la'asar, sai Auta ta kunna mana Zindagi Na Milegi Dobara, fim ɗin Indiyan nan na 2011. Abokai uku, mota ɗaya, sun tashi daga Basalona suna ratsa ƙasar Sifen kafin auren ɗayansu, Kabir. Umma na gefe tana tsinkar zogale, wai ba kallo take ba.

Da aka zo bikin jifa da tumatir ta ajiye tiren. "Innalillahi! Ku dubi almubazzaranci, mu nan muna neman na miya." Muka yi ta dariya. Auta kuwa Hrithik Roshan kawai take jira ya fito.

Ni maganar Kabir ce ta tsaya min a rai. Wani zobe ya saya wa mahaifiyarsa. Budurwarsa Natasha ta gani ta ɗauka na neman aurenta ne, dangi suka hau murna, shi kuma kunya ta rufe masa baki har aka shiga shirin biki. Ya nutse cikin teku, ya diro daga jirgin sama, duk bai ji tsoro kamar na furta "ban shirya ba". Sai da abokansa suka tsare shi.

Na ce, "Umma, ai gara da ya faɗa."

Ta ce, "Bayan manya sun shiga magana? Ke yarinya ce. Wa zai dubi idon iyayen yarinyar?"

"To ita yarinyar fa, Umma? Ta zauna da wanda zuciyarsa ba ta wurinta?"

"Zama shi ke kawo shaƙuwa," ta ce, ta ci gaba da zogalenta.

Na yi shiru, don ba Natasha nake gani ba a lokacin, ƙawalliya nake gani. An kawo lefe, an fitar da anko, amma duk sanda na taɓo zancen angon sai ta koma zancen tela. Rannan a ɗakinta ta buɗe min akwatin, ta ɗaga leshi ɗaya ta mayar ko warware shi ba ta yi ba. Su Kabir sun samu doguwar hanya da mota, babu dangi a kusa, shi ya sa bakinsa ya buɗe. Mu ina za mu samu wannan? Ko a ɗakinta ƙannenta shiga da fita suke.

Gudun tsere wa bijimai a garin Pamplona ya wuce a fim ɗin ban ma kula ba. Tuwo, isha'i.

Na kira ƙawalliyar ba ta ɗauka ba. Na tura mata saƙo cewa gobe ta raka ni Kantin Kwari, mu biyu kawai, kuma a ƙafa za mu taka daga bakin titi.