Godiya ga Baba Ma'aji da duk wanda ya tsaya mana kan matsalar manhaja

Alhamdulillahi. Manhajar ajiya ta ƙungiyarmu ta masu hatsi a Tudun Hatsi, Gombe, ta koma aiki, an kuma daidaita lissafin duk wanda nasa ya rikice. Ko kwabo ba a rasa ba.

Godiyata ta farko ga Baba Ma'aji ce. Baba, da ba ka riƙe littafinka na takarda ba, da har yau ba mu san akwai matsala ba. Kai ka lura cewa ranar da kasuwa ta cika, abin da waya ke nunawa ba ya dacewa da abin da ka rubuta. Ka kira ni gefe ka nuna min, ba ka zargi kowa da sata ba. Allah ya ƙara girma.

Da yawa sun tambaye ni ko kutse aka yi mana. Ba kutse ba ne. Sabar, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatunku, tana raba aiki ga zaruruwa masu yawa, wato ƙananan ma'aikata na cikin manhaja, kowane zare na hidimar mutum ɗaya, duka a lokaci guda. A ce asusu na da naira 50,000, mai shi ya ciri 30,000 a shago, yaronsa ma ya ciri 30,000 a Pantami cikin daƙiƙa ɗaya. Zaren farko ya duba ya ga 50,000. Kafin ya rubuta ragowar, na biyu ma ya duba ya ga 50,000. Kowanne ya biya, kowanne ya rubuta saura 20,000. Dubu sittin sun fita, manhaja kuwa ta ƙirga talatin. Abin da ke sa irin wannan rige-rige wahalar kamawa shi ne ba ya faruwa sai aiki ya yi yawa. Ka zauna kai kaɗai kana gwadawa, lafiya lau za ka gani.

Ƙanwata kuma abokiyar aikina, sannu da ƙoƙari. Da harshen kwamfuta mai suna Go aka rubuta manhajar, kuma Go na da abin gano rige-rige, amma sai kuskuren ya auku a gabansa yake gani. Ke kika ƙirƙiri cunkoson buƙatu na gwaji har ya nuna mana layin da zaruruwa ke cin karo.

Malam, malamina tun ina karatu a Bauchi, na gode da ɗaga waya cikin dare. Da muka sa wa kowane asusu makulli, ta yadda zare ɗaya kawai zai taɓa shi a lokaci guda, kai ka ja hankalinmu kan tura kuɗi tsakanin asusu biyu. Wannan zare ya kulle asusun farko yana jiran na biyu, wancan ya kulle na biyu yana jiran na farko, sai su yi cirko-cirko, aiki ya tsaya cak. Ka ce a riƙa kullewa bisa tsari ɗaya, ƙaramar lambar asusu kafin babba. Ka kuma sa muka mayar da lissafin ragowar kuɗin kowane asusu cikin PostgreSQL, wato manhajar adana bayanai, inda ake kulle layin asusu har sai ciniki ya kammala. Ban manta da abin da ka tuna mana ba, cewa irin wannan rige-rigen ne ya toshe na'urar gargaɗi ta wani kamfanin wutar lantarki a jihar Ohio ranar 14 ga Agusta 2003, wuta ta ɗauke wa mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada. A ganina duk mai rubuta manhajar kuɗi ya kamata ya san wannan labari.

Alhaji shugaba da iyayenmu 'yan ƙungiya, kun koma biro da takarda a tsakiyar kaka, lokacin da buhunan masara da wake ke shigowa ba ƙaƙƙautawa, ba wanda ya ɗaga min murya. Allah ya sa albarka a kasuwa. Uwargida, Allah ya saka da alheri bisa haƙuri.

Duk wanda yake son ganin lissafinsa ido da ido, ya same mu a ofishi ranar Asabar bayan sallar Azahar, ya taho da rasidinsa.