Ranar da na je kallon kiɗan yaron nan

11 ga Yuni, Bronx, New York. Sha biyun dare ta gota, barci ya ƙi zuwa, kunnena bai daina amsa kuwwa ba.

Yau na ajiye mota tun azahar. Sati uku ke nan yaron nan yana bi na da magana ɗaya: "Abba, ko sau ɗaya ne ka zo ka gani." Ɗan fari ne, har yanzu bakina bai iya kama sunansa ba, abin da ke ba ƙannensa dariya. Mu ba gidan makaɗa ba ne. Da mahaifina na raye ya ji jikansa na dukan ganga a gaban mutane, ban san da wane ido zan dube shi ba. Uwarsu ce ta kashe bakina da safe, ta ce shekara nawa ina kai baƙi wuraren kiɗa a bayan mota, nawa ɗan ne kaɗai ba zan kai kaina ba?

Muka hau jirgin ƙasa mai lamba 6 muka sauka a Astor Place. Kafin mu shiga wurin wasan sai da ya ja ni zuwa Cooper Square, ya tsaya yana nuna mini gefen titi kamar mai nuna kushewar waliyyi. Nan ne, in ji shi, gidan kiɗan Five Spot yake a da, inda Ornette Coleman, shahararren mai busa saksafon a kiɗan jazz, ya sauka da mutanensa uku a watan Nuwamba na 1959. Sati biyu aka ɗauke su, suka yi goma, garin ya rabu biyu a kansu: wasu na cewa sabon zamani ya zo, wasu na cewa mutumin ko busa bai iya ba. Na bi ta wurin nan da fasinja ya fi sau ɗari ban taɓa sanin an yi wani abu ba. Rana mai kamar ta yau ce kuma Ornette ya rasu, a 2015, yana da shekara 85. Dalilin wasan ke nan.

Wurin ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, kujeru ba su fi arba'in ba. Na nemi can baya kusa da ƙofa, na karɓi shayi mai tsadar banza. Su huɗu ne: wata yarinya mai busa saksafon, wani dogo mai ƙaho, mai babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana cizgar tsirkiyarsa da yatsu, sai nawa a kan ganguna. Babu fiyano. Na tambaye shi tun a jirgi ko kuɗin haya ne ya gagare su, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe da gangan ne. Fiyano shi ke shata wa mai busa hanyar da zai bi, Ornette kuwa ya cire shi don kowa ya bi muryar waƙar da abin da kunnensa ya jiyo daga ɗan'uwansa a daidai lokacin.

Gaskiya kiɗa biyun farko ban ji komai ba sai hayaniya, kamar an saki awaki huɗu a kasuwa kowace ta kama gabanta. Har na fara duba agogo ina lissafin magariba.

Sai suka shiga "Lonely Woman", wani kiɗan Ornette. Yaron ya fara da wani gudu a kan farantan ƙarfe, sauri sosai amma a hankali kamar yayyafi a kan kwano, su kuma masu busa suka shigo a sanyaye, suna jan muryar kamar ba su ji shi ba. Gudu a ƙasa, jan ƙafa a sama, kuma abin bai wargaje ba. Yarinyar ta rufe ido, jijiyar wuyanta ta tashi, ta kama wata murya ta lanƙwasa ta har ta kauce daga inda kunne ke jira, ta bar ta a can. Tsigar jikina ta tashi. Na san wannan kukan. Algaita ce, safiyar hawan salla, ina kan wuyan kawuna, mai busa ya cika kumatu kamar za su fashe.

Da aka tafi hutu na faɗa wa yaron, ina tsoron kada ya ce ƙauyanci ne. Sai ya ce ai ban yi nisa ba. A 1973 Ornette ya je ƙauyen Jajuka a ƙasar Maroko ya yi busa tare da makaɗan can, abin busarsu kuwa gaita suke ce masa, 'yar'uwar algaitarmu har a suna. Mutumin da aka taɓa yi wa duka a Baton Rouge a 1949 aka lalata masa abin busa, wanda ya yi aikin tuƙa lif a Los Angeles, ya sayi farin saksafon na roba don na ƙarfe ya fi ƙarfin aljihunsa, shi ne aka ba babbar lambar yabo ta Pulitzer a 2007. Allah mai iko.

Na ce to ku da kuke tunawa da shi, me ya sa da na ji faifansa a wayarka ba haka yake ba? Ya ce, "Abba, in muka kwaikwaye shi daidai da daidai, mun saɓa masa ke nan." Ya kawo mini misalin Old and New Dreams, tsofaffin abokan kiɗan Ornette huɗu da suka haɗu a 1976: Dewey Redman, Don Cherry, Charlie Haden da Ed Blackwell. Suna yin kiɗan maigidansu, suna kuma saka nasu, har da masu suna "Togo", "Guinea" da "Mopti". Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. A 2018 ɗan Dewey, Joshua, ya tara wasu uku suka fitar da faifai na tunawa da su. Wato abin har jikoki ya yi. A raina na ce gado dai ko'ina gado ne, sai dai nasu ba a tambayar ɗan gidan wa ne kai.

Abin da ya hana ni barci shi ne na ƙarshe da ya faɗa, yana gyara ganga bai ma dube ni ba. Wai a 1966 Ornette ya shiga ɗakin ɗaukar faifai da ɗansa Denardo a kan ganguna, yaron yana da shekara goma. Mutane suka yi ta surutu, uban bai fasa ba. Ban san ko da manufa ya gaya mini ba. Ban tambaya ba.

Zagaye na biyu na matsa gaba da kujera uku. Daga nan ina ganin zufa na ɗiga daga haɓarsa a kan fatar ganga, da yadda yake cije leɓen ƙasa, irin cijewar da mahaifina ke yi in yana ɗinkin aska takwas. Sanda ɗaya ta kuɓuce masa ta gangaro har gindin kujerata. Bai tsaya ba, ya ci gaba da tafin hannu, mai goge ya bi shi, mutane suka yi ihu.

Magariba a wani lungu bayan dandamali muka yi ta, a kan kwalin da ya shimfiɗa mana, ni liman shi mamu. Da muka fito na ɗaukar masa jakar farantan, nauyi kamar buhun gero, har tasha. Sandar tana aljihun rigata, na manta ban miƙa masa ba. Gobe aiki tun asuba, akwai mai zuwa filin jirgi ƙarfe shida.