Aikinmu na gwajin ƙasa kafin a ɗora gini

In nace wa mutum sana'ata gwajin ƙasa sai ya ɗauka harkar noma ce, taki da iri. A'a, mu namu na gini ne. Ɗan ƙaramin ɗakin gwaji gareni a nan Kano, ni da yarana, injiniyoyi da 'yan kwangila ke kawo mana aiki kafin a haƙa fandisho ko a shimfiɗa titi.

Ƙasar Kano dai alhamdulillahi, yawanci jar ƙasa ce da burji, can ƙasa kuma dutse, tana ɗaukar nauyi. Inda hankalina ke tashi shine tsofaffin kududdufai. Kakanninmu a nan suka ɗebi ƙasar da suka gina gidajen cikin gari, ramin ya zama matattarar ruwa, daga baya aka yi ta zuba shara har ya cike, yau an yanka fuloti an sayar, mutum ya zo zai ɗora bene hawa uku kuma a ido fili ne sumul. Wallahi sai ka haƙa rami mita biyu kana fito da leda da tsumma da baƙar laka mai wari. Irin wannan wajen ko ka zuba rodi da siminti iya son ranka, ciko zai ci gaba da zama, bango ya tsage.

In samfur ya iso, a ɗaure cikin leda don kar danshinsa ya gudu, mukan auna shi a sikeli mu sa a obin digiri 105 ya kwana, awa 24, mu sake aunawa, bambancin shine ruwan da ke ciki. Sai rariya, jere-jere daga mai manyan ido har mai milimita 0.075, a ware tsakuwa da yashi da gari. Wanda nafi so shine na yumɓu. Zaka kwaɓa shi ka dinga murzawa da tafin hannu akan gilas har ya zama siririn zare mai kaurin milimita 3 ya fara gutsurewa, a nan hannu ke aiki, yaron da bai ƙware ba ko ya danne da yawa ko yayi gaggawa, lissafi ya ɓaci.

Rigimarmu da masu aiki kullum akan lokaci ne. "Injiniya don Allah zuwa gobe, birkiloli na jira." Nace Alhaji kayi haƙuri, gwajin CBR na titi, wato auna ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi, sai samfur ya kwana 4 cikin ruwa, saboda so muke muga yadda ƙasar zata yi a watan Agusta ba a rani ba da komai ya bushe ƙamas. Wasu su fahimta, wasu su tafi inda za'a buga musu takarda da hatimi ba a taɓa ƙasar ba, wannan abin yana ƙona min rai don mutane ne zasu kwana a ƙarƙashin ginin.

Sai wuta. In aka ɗauke tsakar dare obin ya huce, dole a tada janareta, kuɗin man kuma daga aljihuna yake fita.